Ƙofar da Ake Kulle wa Murja

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sale a nan Riyadh, amma ban taɓa jin rashinsa kamar wannan makon ba.

Direba ne. Ya daɗe yana kai wata likita 'yar Indiya asibiti, zamanin da mata ba sa tuƙi a ƙasar nan. In mun haɗu shan shayi a unguwar Batha ran Juma'a, ba shi da hira sai tata: mace na yin tiyata, maza na miƙo mata almakashi. Nan ya ƙudura sai 'yarsa Murja ta yi karatu a Indiya. Muka riƙa yi masa tsiya, wai direba da dogon buri. Allah bai nuna masa ranar ba.

Da Murja ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a can, dangi a Damagaram suka ce atafau. Abu ɗaya ya sauko da su: na shaida musu ana kulle ƙofar ɗakin kwanan 'yan mata da magariba.

Yanzu tana shekarar ƙarshe, kuma gwajin haɗa magani da za ta kammala da shi a ɗakin bincike yakan kai bayan isha'i. Samarin ajinsu suna zama su gama, ba mai ce musu kanzil. 'Yan matan kuwa sai su bar aiki a tsakiya su ruga, kafin safiya ya lalace. Makarantar ta ce za ta ɗaga wa yarinya ƙafa in waliyyinta ya kira da bakinsa. Ni ne waliyyin.

"Baffa, ba yawo na roƙa ba," ta ce mini a waya. "In ba ka kira ba, shi ke nan, na faɗi."

Babban wanmu kuma ya aiko: ranar da aka buɗe ƙofar, ranar za ta dawo gida. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Yarinya ce, ƙasar da nisa, in wani abu ya faru ni za a nuna.

Me Sale zai ce? Da ya ga matan Riyadh yau suna tuƙi a titin Suwaidi, na san dariya zai fara yi. Bai bar gida ko gona ba, sai wannan yarinya da taurin kansa a jikinta.

Jiya na kira makarantar. Wanmu ya daina ɗaukar wayata, ban san abin da suke shiryawa ba. Amma Sale ya ƙare rayuwarsa yana buɗe wa 'yar wani ƙofar mota. Ba ni zan kulle wa tasa ba.