Taba Mai Gindin Auduga

Duk wanda ya taɓa ƙetare gulbin Rima ta mashigin Goronyo a zamanin Turawa, in dai da damina ne, to ya san Attahiru mai fito. Ba jirgi gare shi ba. Masaki ne, wata shirgegiyar ƙwarya da za ta haɗiye buhun gero. Sai a zuba kaya a ciki, mai kayan ya rungume bakinta ta can, Attahiru ya riƙe ta nan, yana iyo yana tura su har gaci. Aikin na ƙirji ne, shi kuwa Allah ya ba shi ƙirji. In ya yi nutso neman kwanon wata da ya faɗa ruwa, sai matan da ke gaɓa sun fara salati sannan ya ɓullo yana dariya, kwano a ka. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ko akuya. Da numfashin nan ya yi aure, da shi yake ciyar da gida.

Tabar da ya gada wurin ubansa ta lofe ce, wato tukunyar shan taba, irin wadda ake nomawa nan fadama. Muguwar taba ce mai kartar maƙogwaro. Ba mai iya haɗiye hayaƙinta, ka zuƙa ka fesar ke nan, in ka yi gangancin kai shi ciki ta sa ka tari har da hawaye. Ban ce lafiya ce ba, taba ba ta da ta kirki. Amma ita wannan ba ta munafunci, tun a baki take gaya maka ita maƙiyiyarka ce. Ga ta da fitina: sai an cusa, sai an nemo garwashi, sai an zauna. Saboda haka sai magariba ta kawo jiki, ya jingine masaki, sannan yake sha.

Da aka gama yaƙin Bama sojoji suka komo gida, sai wani abokin ƙuruciyarsa, Shittu, ya kafa tebur a bakin mashigi, yana sayar da ashana da sabulu da sigari. Nan Attahiru ya haɗu da farin kara. Ita sigari ba ta karta, sulalewa take yi har ƙasan ƙirji kamar kunu mai ɗumi. Ba ta son garwashi, ba ta son zama. Ya sami ɗan gwangwani mai murfi, yana ɗaure shi a ka in zai shiga ruwa. Kara ɗaya kafin ya shiga, wai maganin sanyi, kara ɗaya in ya fito, shi ma wai maganin sanyi. Mai fito kuwa ai wuni yake yana shiga yana fita.

Shekaru suka tura. Tari ya fara tashinsa da safe tun kafin zakara. Nutson da yake yi wa mata burga da shi ya gajarta, ya ce tsufa ne. Matarsa Atika, mace marar yawan magana, ta bi shi da naci a hankali har ya yi mata alkawari wani watan azumi. Kuma wallahi ya cika. Ya bar taba, ya koma wa goro, ya yi ta faɗa da kowa a gida har yara suka riƙa gudunsa, amma ya daure. Bayan salla tarin ya fara ja da baya. Da an bar mutumin nan haka, da labarinsa bai kai a ba da shi ba.

Sai ga Shittu wata ranar kasuwa yana ɗaga masa hannu.

"Sarkin ruwa, taho ka ga abin da Nasara yaƙ ƙago."

"Ni na bar ta, Shittu."

"Waccan kab bari. Wagga daban ta. Dubi gindinta, auduga ta. Dahin duk nan shika tsayawa. Sauƙi gare ta, mutanen kamfani da bakinsu sunka hwaɗi."

Ya kunna, ya zuƙe ta ƙarƙaf, ya fasa gindin da farce ya miƙa masa. Audugar da ta shiga fara tas ta fito ruwan goro, tana ɗoyi.

"Ka gani? Da ba don ita ba, wanga cikinka za shi."

Da wani Shittu ya nuna wa, da wataƙila ya yi tsaki ya wuce. Amma duk Goronyo ba wanda ya yi imani da tata kamar Attahiru, kuma da dalilinsa. Can baya kurkunu ya taɓa kwantar da shi damina guda cur, ƙafa a kumbure, ana zare tsutsa a tsinke, gida ba abinci. Da dubagari ya zo yana cewa a riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle, mutane suka yi masa dariya, Attahiru kaɗai ya kafa doka a gidansa. Tun daga ranar ba wanda kurkunu ya sake kamawa a gidan. Dubagari gaskiya ya faɗa, abin takaicin ke nan. Gaskiyarsa ce ta buɗe wa ƙaryar kamfani ƙofa. Attahiru ya dubi audugar nan ya ga ƙyallen Atika. Ya miƙa hannu.

Zuƙar farko ya ji kamar iska ya sha, ba ta kai inda yake so ba. Sai ya ƙara ja. Ya ja da dukan ƙirjin nan na nutso, ya riƙe hayaƙin kamar yana ƙarƙashin ruwa, sannan ya ji ta. Haka ya saba shan ta daga nan. Inda dā kara ɗaya ke isarsa, yanzu sai biyu, kuma ba ya yarwa sai wuta ta taɓa auduga. Zuciyarsa kuwa wasai, tunda ai tatacciya ce.

Atika ta gan shi da ita a tsakar gida tana cikin tace ruwa a randa.

"Maigida, ni ka tatar ruwa gidanga. In nit tace, ƙyalle shi yi ja, ruwa shi hita hwari, sannan in yarda. To hayaƙin da ka hitowa bakinka, mi yas sake? Launin nan dai na, warin nan dai na. Dubi yatsunka."

"Ke mi kis sani ga taba?" in ji shi, yana dariya. Ya fasa gindin ya nuna mata, kamar yadda aka nuna masa. Daga nan abin ya zame masa ɗabi'a. Duk wanda ya zauna kusa da shi a mashigi sai ya ga wannan auduga, mutane da yawa kuwa a hannunsa suka koya.

Abin ya same shi a tsakiyar gulbi, ranar kasuwar Shinaka, ruwa ya cika ya tumbatsa. Wata Bafulatana ya ɗauko, sunanta Asta, da ƙoren nononta cikin masaki, da jinjiri a bayanta. Sun kai inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, ya buɗe baki ya ja iska, iska ta ƙi shiga. Tari ya turnuƙe shi. Hannun da bai taɓa sakin masaki ba ya saki. Masaki ya juya, nono ya tuntsure, matar ta ƙwalla ihu ruwa na jan ta. Allah ya sa babban ɗansa Ƙasimu, wanda shi ma ya zama magidanci yana fito da nasa masakin, yana biye da su. Shi ya cafko zanenta, ya fitar da ita da jinjirin da ransu. Attahiru ya rarrafo gaɓa shi kaɗai can ƙasa, ya tofa yawu a rairayi ya ga jini. Ba wanda ya zage shi. Kashegari dai duk wanda ya zo mashigi Ƙasimu yake kira, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Aka kai shi Wurno a kan jaki, ranar da wani malamin asibiti mai zagayen ƙauyuka ya sauka. Malamin ya kara kunne a bayansa, ya daɗe yana saurare, ya tambaye shi ko yana shan taba.

"Mai gindin auduga kaɗai," in ji Attahiru, har da ɗan alfahari.

Malamin ya gyaɗa kai ya taɓa aljihun rigarsa. "Ni ma ita nika sha."

Ya ba su ƙwayoyi, ya ja Ƙasimu gefe ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a.

A shekarar ana ta zancen Turawa za su tafi, gari ya ɗauka. Attahiru ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Mutumin da ke ƙetare Rima da numfashi yana saura, sai ya huta tsakanin kalma da kalma. Masu dubiya na shigowa suna "Allah shi ƙara sauƙi", har da Shittu. Atika ta tsani kalmar nan ta sauƙi, don da ita aka sayar wa mijinta ajalinsa.

Ƙasimu ma yana shan sigari, marar gindi, a ɓoye saboda kunyar uba. Tun ranar gulbi bai sake kunnawa ba, tsoro ya kama shi. Ya gaya wa uwarsa, ta yi kukan murna. Wata hantsi ya shiga ɗakin uban da niyyar shi ma ya gaya masa, ko ya ji sanyi. Uban ya riga shi. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo ɗan gwangwanin nan, cike.

"Na san kana sha. Ba ni hana ka, ruwa da sanyi. Amma kak ka kuskura ka sha maras gindi. Su sunka kashe ni, su da lohen kakanka." Ya huta. "Da wagga ta zo da wuri, da yau ina bisa ruwa. Ka ji wasiyyata?"

Ƙasimu ya waiwaya. Uwarsa na tsaye bakin ƙofa da jiƙaƙƙen ƙyalle a hannu, tana girgiza masa kai. Ya dubi uban, hannu a miƙe. Wane ɗa ne zai ƙaryata ubansa a wannan hali? Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Na ji, Baba."

Attahiru ya rasu kafin ruwa ya janye, da kwanciyar hankalin wanda ya tsirar da ɗansa.

Bayan an share makoki, Atika ta gangara gulbi ɗibar ruwa. Can ta hango Ƙasimu ya fito daga fito yana rawar sanyi. Ya kwance gwangwani daga kansa, ya kunna, ya ja. Bai ji tabar ba, sai ya ƙara ja, ya riƙe. Ƙirjin ubansa gare shi sak. Ta shimfiɗa ƙyalle a bakin tulu ta fara zuba ruwa, ba ta ganin abin da take yi don hawaye.