Ranar da Na Ja Jirgin Mijin Yayata Zuwa Vittin

A shekarun da Ghana ta samu 'yancin kanta ni direban lori ne a Tamale. Ina kai doya da gyaɗa Kumasi, in dawo da goro da gishiri da kwanon rufi. Motar ta wani ɗan kasuwa ce a zango, amma ya sakar mini ita kamar tawa, muddin kayansa na isa kan lokaci.

Mijin yayata makaniki ne, irin waɗanda muke kira fita. Ya yi soja lokacin yaƙin duniya, inda ya riƙa wanke injin jiragen sama yana miƙa wa Turawa sifana, kuma tun da ya dawo zancen jirgi bai bar bakinsa ba. Kowa Masta yake ce masa, har ni. A bayan gidansu da ke unguwar Sakasaka ya kafa rumfa, ya shafe shekaru yana haɗa jirgi mai kujera ɗaya da katako da bututun ƙarfe da injin wani babban babur da ya saya a gwanjo. Yayata ce ta ɗinke farin akoko a jikin fukafukan, sannan suka yi ta shafa masa sitacin rogo har ya yi tauri kamar fatar ganga. Wutsiyar kuwa ya fente ta da launin sabuwar tuta, har da baƙin tauraro.

Da ya gama, ya je filin jirgin gwamnati ya roƙa a bar shi ya gwada. Aka ce sai izini ya zo daga Accra, izini kuwa bai zo ba. Sai ya samu wani manomi a Vittin mai fili shimfiɗaɗɗe. A lokacin Vittin ƙauye ne, babu ko ɗaya daga cikin gidajen bulo da ake gani yanzu. Masta ya je da rani ya duba filin, ya dawo yana murna. Saura mai kai jirgin.

Yayata ce ta zo mini da kanta, don ta san ba na iya ce mata a'a. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Na ce, "Yaya, doya tana jirana a tasha. Mai mota ya ce yau zan yi lodi."

Ta ce, "Haba, Vittin ɗin da ke nan kusa? Kafin hantsi ka dawo."

Tun daga ƙofar gida na gane ba haka abin yake ba. Lungun gidansu bai cin lori, don haka sai da muka cire fukafukan muka fito da su a ka, muka shimfiɗa su a bayan mota kan katifu da zana. Gangar jikin kuma muka turo ta da hannu, ta maƙale tsakanin katangar maƙwabci da teburin wata mai koko. Matar ta ce ba za ta matsa ba sai ta sallami masu saye, muka tsaya muna kallon mutane suna shan koko da ƙosai.

Dabarar Masta ita ce a ɗaga wutsiyar jirgin a ɗaure ta a ƙofar bayan lori, jirgin ya biyo mu da baya a kan tayoyinsa. Na ɗaure igiya irin ɗaurin da nake yi wa buhunan gyaɗa, wanda bai taɓa kwance mini ba daga nan har Kumasi. Masta ya zo ya kwance, ya sa tsumma, ya ɗaure, ya girgiza, ya sake kwancewa. Na koma inuwa na zauna. Lokacin da muka tashi rana ta riga ta yi zafi.

Bai shiga mota ba. Ya ce zai bi a ƙasa ya riƙa lura da tayoyi. Ina sa giya ta biyu sai na ji an daki gefen mota da tafin hannu.

"Ƙanena, kakra-kakra! Kana so ka kashe ni ne?"

Wato kaɗan-kaɗan, kamar yadda mutanen Kumasi ke faɗa. Na koma giya ta ɗaya, kuma a nan na zauna har muka isa. Duk wanda ya taɓa tuƙa babbar mota ya san abin da wannan ke yi wa inji. Kafin mu fita gari ruwan lagireto ya tafasa. Na tsaya, na roƙi ruwa a wani gida, na jira inji ya huce. Mun ɗan taɓa gaba kenan sai Masta ya sake dukan mota. Tayoyin jirgin na baro ne, ba a yi su don doguwar tafiya ba, gindinsu ya ɗau zafi har yana hayaƙi. Ya fito da ƙwaryar man kaɗe da ya ɗauko a madafar yayata, ya durƙusa a tsakiyar titi yana shafawa. Haka muka yi ta yi. In motata ta huce jirginsa ya yi zafi, in jirginsa ya huce motata ta tafasa.

Mata masu tallan itace a ka suka wuce mu. Wani dattijo a kan keke ya yi mana sannu ya wuce, can da jimawa ya dawo daga inda ya je, ya sake yi mana sannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne direbobi 'yan'uwana da ke tahowa daga hanyar Salaga. Ɗaya daga cikinsu ya rage gudu ya leƙo da kai.

"Direba, jirgin naku da baya yake tashi?"

Mutanen da ke bayan motarsa suka kwashe da dariya. Na san kafin in koma tasha labarin ya riga ni.

A wani kwari da ruwa ya zaizaye, hancin jirgin ya sunkuya har farfela ta kusa taɓa ƙasa. Masta ya yi ihu kamar an taka masa ɗa. Ya ce dole a cire ta. Ya kwance ta, ya naɗe ta da bargo, ya ce babu inda ya yarda a ajiye ta sai gaban mota. Doguwa ce, don haka ɗaya bakinta ya fita ta taga, ɗayan ya kwanta a kan cinyata. Da ita a jikina na ƙarasa tuƙin.

Azahar ta wuce kafin mu isa. Hanyar mota ta ƙare a gindin wata bishiyar kaɗanya, filin yana gaba kaɗan bayan wani tudu. Iska ta fara kaɗawa, Masta ya ji tsoron kada ta fizge fukafukan daga saman mota, sai muka sauke su muka kwantar a kan ciyawa. Sannan muka hau tudun.

Filin yana nan a shimfiɗe kamar yadda ya faɗa. Amma daga wannan baki har wancan kunyoyin doya ne, manya-manya, kowace da hular ganye a kanta, wasu har sun fara tsiro.

Masta ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, irin wadda mutum ke yi in ransa ya gama ɓaci.

Manomin ya hango mu ya taho da fartanya a kafaɗa. Badagombe ne, dattijo mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce ba a magana a tsaye, ya ja mu gidansa, aka kawo ruwa, aka yi ta gaisuwa irin ta Dagomba muna amsa "Naa, naa." Sai da aka tambayi lafiyar kowa sannan ya zo kan magana.

"Masta, kai ka ce wata ɗaya za ka zo. Ruwa ya zo, kai ba ka zo ba. Ni ya yi shuka. In an cire doya, fili naka ne."

Gaskiyarsa ce. Masta ya yi ta roƙo a rushe masa layi ɗaya kawai, manomin yana murmushi yana girgiza kai.

Da muka komo gindin kaɗanyar, sai muka tarar da garken shanu ya kewaye fukafukan. Sun ji ƙanshin sitaci. Suna ta lasa da harshen nan nasu mai kaushi, akokon ya jiƙe ya huje, katakon ciki ya fito fili kamar haƙarƙari. Wata saniya ta taka gefe ɗaya ta karya. Makiyayin, wani Bafulatani mai furfura daga rugar da ke bayan ƙauyen, yana ta dukansu da sanda suna dawowa.

Ya ce, "Ku yi haƙuri don Allah. Na je shayar da maraƙi ne. Wallahi ban san na mutane ba ne, na ɗauka yasar da shi aka yi."

A nan na fashe. Ban bi ta kan makiyayin ba, Masta na juya wa. Na ce ya ɓata mini yini, ya kusa ƙona injin motar mutane, ya mai da ni abin dariya a gaban direbobi, duk a kan filin da bai ko sake zuwa ya duba ba. Na ce mutum mai iyali ba ya wasan yara da furfura a gemu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Ya durƙusa yana tsince guntayen akoko daga cikin ciyawa yana tarawa a aljihu. Can ya ɗago.

"Ka gama?"

Na kau da kai.

Ya ce, "Ni ba kaina nake ji ba. Yayarka ce. Duk damina da rani tana ɗinkin nan, har idonta ya fara ruwa. Me zan ce mata?"

Raina bai huce ba, amma na kama ɗaya bakin fiffiken muka ɗora a mota. Gangar jikin muka tura gidan manomin, aka rufe ta da zana kusa da rumbu. Komawa gari ba jirgi a baya ko shan shayi ba a gama ba mun iso. A tasha na tarar an ba wani direba doyar, mai mota kuma ya wanke ni tas a gaban mutane.

Yayata ta fito ta dubi fukafukan. Ta zura hannu cikin wani rami ta fito da shi ta ɗaya gefen. Ta dubi mijinta, ta dube ni.

Ta ce, "Ku shigar da su rumfa kafin kaji su hau. Akwai tuwo."

Washegari ta fara farke ɗinkin.

Na rantse ba zan sake ba. Amma bayan an cire doya ta sake zuwa, na sake kai fukafukan Vittin. Mutanen ƙauyen suka taya Masta baje kunyoyi, ya haɗa jirgin, ya shiga ya zauna. Injin ya kama da ƙara, yara suka watse. Jirgin ya fara gudu, yana tsalle yana karkata, har wutsiyar ta rabu da ƙasa. Sai taya ɗaya ta nutse a inda ƙasa ke da laushi, ƙafar jirgin ta karye, hancin ya kifa, farfela ta tsage gida biyu.

Muka ruga. Ya fito da kansa, leɓensa na jini, fuskarsa kuwa kamar an yi masa albishir.

"Ka ga wutsiyar ta tashi?"

Na ce, "Na gani, Masta."

Ya zagaya jirgin yana duba ƙafar da ta karye. Ya ce, "Yanzu ba zai jawu ba. Sai dai a ɗaga shi gaba ɗaya a ɗora a bayan mota, sannan a dawo a ɗauki fukafukan. Sawu biyu kenan. Wace rana kake da sarari?"

Na ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce a'a, da yamma iska tana yawa, sai dai da safe.