Kafar da Kakana Ya Bari a Darni

Kakana da littattafansa kaɗai ya iso Ƙofar Gayan. Manoman da ya tarar a wurin su suka ba shi filin da gidanmu yake, ba sayarwa ba, cewa suka yi ya zauna. Sharaɗinsu ɗaya: kada a toshe hanyar kukar da ke can ƙuryar filin, don iyayensu na kwance a gindinta. Shi ya sa da ya kewaye gida da darnin kara, ya bar kafa a kusurwar gabas.

Na taso na tarar gari ya cinye gonakinsu, sun koma ƙauye. Wata tsohuwa ce kaɗai ta rage tana zuwa bayan kowane girbi. Ta kafar nan take shigowa da tsintsiyarta, babu sallama, ta share gindin kuka, ta daɗe tana addu'a. Kakana, wanda attajirai ke durƙusa wa, sai ya sauko daga buzunsa ya je ya gaishe ta. Da na ce masa tsohuwar nan ba ta iya sallama ba, ya murɗe mini kunne.

"Kul! Mutum na yin sallama a gidansu ne?"

Awaki ma sun san kafar, sun sha cinye wa matan gida shanya. Bayan rasuwar kakana, baffana ya ce an gaji, ya zagaye gidan da bulo. Ba mugu ba ne, shi dai tarihi a wurinsa hirar tsofaffi ce.

Da kaka ta yi, tsohuwar ta zo ta tarar da bango. Ta bi shi tana shafawa da hannu har ta ɓullo ƙofar zaure. Baffana ya tarbe ta da fara'a.

"Iya, ai ba a hana ki ba. Ga ƙofa nan, ki shiga abinki."

Ta tsaya a bakin ƙofa, tsintsiya a hammata. Ina tsakar gida na ji muryarta, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

"Salamu alaikum, masu gida."

Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Tsohuwar ta share gindin kuka ran nan, ba ta kuma sake zuwa ba.