Takardar da Na Cika wa Kawuna

A shekarar da sojoji suka mayar wa farar hula mulki, ni ne mai karanta jarida a bencin mai koko da ke bakin masallacinmu a Zongon Kumasi. Ilimina bai wuce aji shida na firamare ba, daga nan aka sa ni koyon ɗinki, amma cikin masu zama bencin ni kaɗai ke iya bin layin Turanci da yatsa har ƙarshensa. Inda na gane in fassara. Inda ban gane ba sai in tsaya cak, don tsoron kada in ɗora wa gwamnati maganar da ba ta faɗa ba, a tambaye ni gobe kiyama. Mutane su yi ta tsaki, koko yana hucewa.

Ina da ra'ayi a lokacin, kuma na dami jama'a da shi. Cewa nake shugaba ba ya gyara ƙasa, mu ne za mu gyara ta, kowa ya riƙe gaskiya a ɗan abin da ke hannunsa. Ni ko ƙyalle ne ya rage bayan na yanka riga, sai na bi mai shi har gida. Na taɓa takawa har unguwar Krofrom don mayar da ƙyallen da bai isa aljihu ba. Matar gidan ta karɓa ta goge tebur da shi a gabana.

Abokin gardamata shi ne kawuna, wan mahaifiyata, mai ɗaurin goro ga fatake.

"Kai dai yi ta mayar da ƙyalle," in ji shi. "Mutum ɗaya a Ankara, can babban birni, zai tashi da ciwon kai ya sa hannu a takarda, kai da keken ɗinkinka ku tsinci kanku a bayan lori."

"Kawu, ai in kowa ya gyara..."

"Kowa! Ka taɓa ganin Kowa? A wane layi gidansa yake?"

Kafin shekarar ta ƙare aka ba da umarni: baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Ni na karanta shi a bencin, kuma ranar ban ce akwai inda ban gane ba. Kawu bai ko dube ni ba. Ya tashi ya bar kokonsa.

Zongo ya rikice. Ana sayar da gadaje a bakin titi, lori na cika da mata da tukwane. Sai magana ta zagaya cewa wanda aka haifa a nan yana da bakin magana, in ya cika takarda ya kai ofis. Na karɓo guda, na ce ta Kawu zan fara cikawa.

A Zongo kuwa ba a tambayar mutum inda aka yanke masa cibiya. Garin mutum garin ubansa ne. Za ka ga wanda kakansa ke kwance a maƙabartar Kumasi, amma in ka tambaye shi ya ce shi mutumin Kano ne, ba da wasa ba. Mu tun muna yara abin da muke ji shi ne mu mutanen Dosso ne, can ƙasar Zabarmawa a tsallaken iyaka. Da na zo layin da ake rubuta wurin haihuwa, na fahimci Turancin sarai, sai dai a kaina tambayar ɗaya ce da wadda muka saba amsawa. Na leƙa rumfar Kawu yana jera goro a ganye.

"Kawu, gari za a rubuta."

"Yau kuma ka manta garinmu?"

Na koma na ja layi da rula, na rubuta Dosso da rubutun da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na kai ofis da ƙafata, ina jin na sauke haƙƙi.

Bayan kwana uku matata tana zuba mini abinci ta ce, "Wai me ka rubuta wa Kawu?"

"Gaskiya."

"Wace?"

Na faɗa mata. Ta ajiye ludayi.

"Kawun da aka haifa a ɗakin da muke ajiye gawayi?"

Kawu bai taɓa wuce Tamale, a arewacin ƙasar nan, ba. Zabarmancinsa bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, ko hawa lori sai an ɗaga shi. Wannan mutumin na rubuta wa hukuma, da hannuna, cewa baƙo ne.

Sau huɗu na je ƙofar rumfarsa ina dawowa. Da na faɗa masa ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannu.

"Ka ga ikon Allah," ya ce. "Ina ta harara Ankara, ashe ɗan ƙanwata ne."

Muka nemo shaida, wani tsohon malamin makarantar allo a unguwar Dichemso wanda ya ci naman sunan Kawu yana saurayi. Mu uku muka bi layi a ofis tun hantsi har bayan azahar. Duk tsawon tsayuwar ina haddace jawabin tuba: laifina ne, a hukunta ni, a bar tsoho. Har na yanke shawarar wanda zan bar wa keken ɗinkina in aka tsare ni.

Akawun ofishin Ba'asante ne, wato ɗan asalin garin, ya gaji har idonsa ya yi ja. Ban kai rabin jawabin ba ya ɗaga mini hannu. Ya tono takardar daga ƙasan wani tuli, ko buɗe ta ba a yi ba. Ya tambayi Kawu cikin Twi, yarensu, inda aka haife shi. Kawu ya amsa da Twin da ya fi na akawun tsufa, har ya faɗi itacen da ke tsaye a wurin kafin a gina ofishin. Akawu ya yi dariya, ya yaga tawa, ya miƙo sabuwa.

Na ɗauki alƙalami. Sai hannuna ya tsaya. Ni ban ga haihuwar nan ba. Matata ma ji ta yi. Na juya wajen malam.

"Gafarta malam, haihuwar kuka gani ko sunan? Don ana iya haihuwa a hanya a zo a yi suna a nan."

Kawu ya taka mini ƙafa da lafiyayyar ƙafarsa, ya bar ta a wurin. Malam ya fara salati. Akawu ya zare alƙalamin daga hannuna ya rubuta Kumasi da kansa.

"Wofa," ya ce wa Kawu, wato kawu a bakinsu, "in wannan ne mai taimakonka, gara ka zo da ɗan sanda."

Wa'adi ya cika ba a buga hatimi ba. Kawu ya koma kwana a ɓoye a ɗakin ajiyar goro, ina kai masa abinci yana karɓa ba magana. Rabin gidanmu ya tafi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan kamar shi, takardunsu daidai, ba wanda ya yi musu kuskure. Wannan ya hana ni sakat fiye da laifina, don ban san wa zan ba haƙuri a kai ba. Na daina wa'azi a benci. Har yau in an tayar da gardamar shugaba da talaka nakan yi shiru, saboda na ga abin da sa hannun babba ya yi, na kuma ga abin da nawa ya kusa yi.

Sai bayan shiga sabuwar shekara aka aiko cewa takarda ta fito. Na sa hula zan je karɓowa. Kawu ya leƙo daga ɗakin goro ya ce in zauna, ya aiki matata. Ta dawo da ita a ƙulle a bakin zane. Ya sa ta nuna masa inda hatimin yake, ya shafa da yatsa, sannan ya ce a fito masa da tabarmarsa tsakar gida, ɗakin nan ya ishe shi.