Mutumin da ya ƙirga mu a Riyadh

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina wajen aiki a Dir'iyya, ko shayi ban kurɓa ba, aka kira ni wai Malam Isiyaku direba ya rasu. Ya sauke ma'aikata daga bas, ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari. Shi ke nan.



Gawarsa tana asibiti, kuma an ce ba za a ba mu ita mu yi masa sutura ba sai iyalansa sun amince a rubuce. Lambar gida da ke wajen kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ta daina aiki, wayarsa kuma a kulle take. Mu da muka shekara bakwai muna cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya da shi, babu wanda ya san gidansu. Iyakacin saninmu, mutumin wajen Malumfashi ne.

Malamin tarihi ne a sakandare kafin rayuwa ta kawo shi nan ya kama tuƙi. Ya bar alli, amma koyarwa ba ta bar shi ba. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji labarin wanda ya ƙirƙiro agogo.

Ranar da na sauka garin nan ban san kowa ba. Shi ya ba ni katifa a ɗakinsa na unguwar Shumaisi, ya raka ni wajen karɓar iƙama, wato katin izinin zama, ya koya min yadda ake ce wa mudir, wato manaja, a'a ba tare da an kore ka ba.

Yana da wani littafi mai baƙin bango. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya baje shi, duk baƙon da ya zo daga gida ya zauna gabansa ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, da matarsa da 'ya'yansa, da wanda za a kira in ta Allah ta kasance. Mukan tsokane shi mu ce Malam Ƙidaya, yaushe za a raba mana gidan sauro?

Sai ya yi dariya ya ɗauko zancen Rumawan dā. Ya ce tun zamanin sarakunansu suka fara, daga baya ya zama duk shekara biyar. Magidanci zai fito wani fili a bayan ganuwa, ya yi rantsuwa, ya faɗi kansa da iyalinsa da gonarsa. Da haka ake sanin wa zai iya sayen sulke da garkuwa in yaƙi ya taso, da matsayin kowa ranar zaɓe. Wanda ya ƙi zuwa ana iya ƙwace dukiyarsa, har a sayar da shi.

“Wanda kuma ba shi da komai,” in ji shi, “kansa kawai ake ƙirgawa. To mu ne waɗannan. Su sun ƙirga mutane don yaƙi, ni ina ƙirga ku don jana'iza.”

A lokacin na ce masa Malam wannan ai fatan tsiya ne. Amma da wani ɗan Zariya ya faɗo daga gini, littafin nan ne ya sa kafin la'asar mahaifiyarsa ta ji, ba a Facebook ba, daga bakin mutum mai hankali.

Dokokinsa biyu ne, ba ya rubuta kowa a bayan idonsa, kuma mutum ba ya rubuta kansa. Sai an zaunar da kai an tambaye ka, kamar yadda Rumawan suke yi.

Juma'ar da ta wuce, a unguwar Malaz inda mukan taru, bayan kowa ya watse, ya miƙo min biro.

“Habu, zauna ka tambaye ni. Shekara bakwai ba wanda ya tambaye ni.”

Wallahi kunya ce ta kama ni. Mutumin da ya kusa haihuwata, in dube shi in ce Malam yaya sunan matarka, wane ne ɗanka na fari? Na ce masa ana jirana, mu bari sai Juma'a mai zuwa.

Ya mayar da biron aljihu ya ce, “Allah ya kai mu.”

Babu wanda yake jirana. Ɗaki na koma na kwanta.

Don Allah duk wanda ya san wani malamin tarihi mai suna Isiyaku daga wajen Malumfashi, dogo, mai tabo a gira ta hagu, wanda ya taho Saudiyya tuƙi, ya yi min magana ta inbox. Ku yi sharing har ya kai inda ya kamata. Akwai wata baiwar Allah a can da takaba ta hau kanta tun safe, ita kuma ba ta sani ba.

Allah ya jiƙanka Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya sa kana cikin waɗanda za a kira da sunansu a ba su littafinsu a hannun dama. Ni kuma Allah ya yafe min.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya roƙa mana Allah ya haɗa mu da iyalansa kafin Juma'a.