Jirgin da Kaka ya kira akushi

Yako

Ana sallame Asuba muka hau babur, ni da kakana Malam Iro. Kwale-kwalensa na kamun kifi da ke bakin dam ɗin Tiga ya ruɓe, sabo zai saya, ga shi an ce bana ruwa ya ja baya har itatuwan tsohon ƙauyensu da dam ɗin ya cinye sun leƙo, yana so ya gani da idonsa. Kakata ce ta haɗa ni da shi, don kada ya sayo siriri mai zurfin ciki irin na samari. Shi kuwa tun a hanya yake cika baki.

"Mai shimfiɗaɗɗen ciki ai akushi ne. Ka taɓa ganin namiji a cikin akushi?"

Kwanar Dangora

Nan muka sha shayi da burodi, muka shiga bas, filafilin tuƙin jirgin Kaka na leƙe ta taga. A shinge ɗan sanda ya dube shi ya ce, "Baba, ambaliya za a yi?"

"In ta zo, ban da kai a jirgina," in ji Kaka.

Bakin Tiga

Da hantsi kafinta ya ba mu jirage biyu mu gwada. Sai da muka fara da siririn. Gudu kam akwai, amma ko tari na yi sai ya karkata. Na ƙanƙame gefe ina salati, Kaka yana dariya, wai zai gaya wa matata. Muna shiga wajen da ruwa ya yi ƙasa, cikin jirgin ya kafe a laka, ƙauyen na can gaba. Dariyar ta ɗauke.

Muka koma, Kaka ya shiga akushin, na bi shi. A hankali ya bi da mu ta tsakanin kututtura, har ya tsaya jikin wani baƙin kututture ya dafa shi.

"Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Innata na kwance can bayanta."

Ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, jirgin ko motsi bai yi ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Gida

La'asar sakaliya muka iso lafiya, mun gode Allah. Kakata ta tare mu a zaure.

"Wanne aka saya?"

"Akushi," in ji Kaka, yana kallon ƙasa. "Shi ya kai ni wajen Inna."