Durom Biyu na Baƙin Mai a Filin Baba Shekari

Kafin kwandastocin bas na Kakuri su buɗe murya da kiran fasinja, Baba Shekari ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke bakin filin bayan tsohuwar masaƙa. Yakan tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki garwa biyu ya nufi rijiya. Shekararsa saba'in da ɗaya, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina jin maganarsa, amma sahu goma sha biyu yake yi kowace safiya. Ba lambu yake ba ruwa ba. Wani zirin jar ƙasa ne a tsakiyar filin, tsawonsa yadi ashirin da biyu, faɗinsa bai wuce ƙafa goma ba. In ya gama yayyafa ruwan sai ya durƙusa da tsohuwar wuƙar tebur yana tono aya-aya ɗaya bayan ɗaya har saiwarta, sannan ya jira ƙasar ta tsane ya ja rola, wani mulmulallen ƙarfe mai nauyi, a kanta. Masu wucewa zuwa kasuwa sun saba ganinsa har sun daina gani.

Wanda bai san wasan kurket ba, ga shi a taƙaice. Mutum ne zai sheƙo a guje ya jefo ƙwallo mai taurin tsiya, ta daki ƙasa ta tashi, wani ya tare ta da katako. To duk wasan a kan wannan tashin ya dogara. In ƙasar ta yi sumul ta yi tauri, ƙwallo za ta taso iya ƙugu, mai bugu ya nuna gwanintarsa. In akwai tsaga ko taushi, sai ta taso ta nemi haƙorin mutum. 'Yan wasan Kulob ɗin Bayan Masaƙa kuwa ba su da haƙoran bayarwa. Makanikai ne, da masu sayar da kayan gyaran mota, da malaman firamare biyu, da wani tela daga unguwar Nasarawa, mutanen da ke rufe shago da azahar ɗin Asabar su sa fararen kaya su yi wasa don so kawai. Shekara arba'in da bakwai ke nan suna tsayawa gaban wannan ƙwallon ba tsoro, kuma ba jarumtarsu ce kaɗai ta jawo haka ba.

Shara Shekari ya shiga yi a masaƙar yana saurayi. Wani Bature mai kula da injina ya ja shi filin ya nuna masa yadda ake daɓe zirin, yana alfaharin cewa a wurin kakansa ya gaji aikin, wanda ya yi gyaran filin ƙauyensu tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Amma Baturen yumɓun ƙasarsu ya sani. Namu na nan ya yi ta tsage masa duk rani, har ya haƙura. Shekari ne ya tuna yadda mata a ƙauyensu na kusa da Zonkwa ke daɓe ɗaki da ƙasar shuri, ya ɗebo buhu biyu ya gwada. Bature ya koma garinsu, masaƙa ta rufe, albashi ya tsaya, ziri bai taɓa tsagewa ba.

Kai ne, Baba, wanda masu shayi na bakin titi suka gani ka ɗauko kujera ka zauna gaban wata tirela da direbanta ya so ya ratsa filin da damina, ka ce masa sai dai ya fara bi ta kanka. Kai ne ka bi masu bikin aure kana roƙonsu da hula a hannu su matsar da rumfarsu taku ashirin, ka kuma taya su ɗaukar kujerun. Ba a taɓa rubuta sunanka a allon maki ba, ba ka taɓa riƙe kofi a hoto ba. Gwanin daɓe, mai hannun da ƙasa ke saurara.

Bana ce shekarar da ya ce zai ajiye garwa. Matarsa, Mama Rhoda, ta gaji da gasa masa gwiwa da ruwan zafi, ta ce ko ya bar fili ko fili ya bar shi a keken guragu. Ya yi mata alkawarin cewa da zarar an buɗe kakar wasa ta rani, ya gama. Sai ga magana daga kwamitin da ke riƙe da filin: masu tireloli suna neman wurin ajiye motoci, kuma in ba a buga gasa a filin a bana ba, su za a ba. Gasa kuwa ba ta zuwa sai alƙaliyar wasa daga ƙungiyar kulob-kulob, Madam Gloria, ta zo ta duba zirin ta sa hannu. An sa ranar zuwanta farkon Nuwamba. Baba bai damu ba, don tun ruwa na ƙarshe yake bin zirin a tsanake. Ana haka ƙanensa ya rasu a ƙauye, ya tafi makoki na kwana shida.

Kyaftin ɗin kulob ɗin, Somadina, bakanike ne da aka haifa a Kakuri, Hausarsa ta fi Ibonsa gudu. Mutumin kirki ne, kuma kirkin ne ya ja shi. Ya leƙa filin ya ga aya-aya ta fara leƙowa, ya tuna tsohon da ke durƙuso a kan gwiwa mai ciwo, tausayi ya kama shi. Kowane bakanike ya san maganin ciyawa a ƙofar gareji: a kwarara mata baƙin mai, ta mutu, ƙasa ta kwanta, gara ma ta gudu. Ya zagaya garejin abokansa aka tara masa durom biyu. Suka malale zirin daga wannan kai zuwa wancan, suka shafe da tsintsiya, suka ja rola, suka tsaya suna kallon yadda yake sheƙi suna yaba kansu.

Da Baba ya dawo, hancinsa ne ya fara gaya masa tun daga gindin dalbejiya. Ya tako a hankali har bakin zirin, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya murza, ta wargaje a yatsunsa baƙi ƙirin. Ya yayyafa ruwa daga garwa, ruwan ya dunƙule ya gangare gefe, ko ɗigo bai shiga ba. Ƙasar da ba ta shan ruwa ba ta kamuwa, kuma ƙwallo uku sun isa su farfasa ta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ji idonsa ya kawo ruwa, shi da bai yi kuka a kabarin ƙanensa ba.

Sai ga Somadina da fara'arsa, yana goge hannu da tsumma.

"Baba, sannu da hanya, ya haƙuri? Ka gani ko? Ba sauran durƙuso. Ciyawa ta mutu fes, wallahi ko ɗaya ba za ta sake fitowa ba."

"Ku ne?"

"Mu ne mana. Mun ce bari mu yi maka safrais, mu ba ka mamaki."

"Nawa kuka zuba?"

"Durom biyu cur, Baba. Har daga Sabon Tasha aka kawo."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ga mutumin da ya bar aikin garejinsa yini guda don ya rage wa tsoho wahala, sai zagin da ya taso masa ya koma ciki.

"Ɗana, kun yi ƙoƙari," in ji shi. "Je ka samo diga huɗu da shebur. Ƙasar nan ta mutu, sai an binne ta a wani wuri."

Somadina bai fahimta ba. Da aka yi masa bayani ya gane, ya dafe kai da hannu biyu. "Yesu! Baba, na kashe mu. Saura kwana sha shida fa! Abeg, don Allah, ba yadda za a wanke shi? Ko da fetur?"

"In ka ƙara zuba wani abu a nan, kai zan haƙe," in ji Baba. Nan ne kaɗai ya ɗaga murya a duk al'amarin.

Daɓen da ya saba ɗaukar masa wata guda da rabi, shi ne zai yi cikin mako biyu, kuma wanda ya san aikin zai ce ba ya yiwuwa. Kwana biyu suka yi suna haƙe zirin har zurfin taƙi, suna kwashe baƙar ƙasar da baro. Daga nan Baba ya hau gaban a-kori-kurar Somadina suka fita bayan gari neman shuri. Ba kowane shuri ba. Sai wanda gara ta daɗe da barinsa, don mai rai yana da danshi da ƙwayoyi. Yakan sauka ya ƙwanƙwasa da sanda ya kasa kunne, ya ce a wuce ko a sara, bayan ya nemi izinin mai gona. Sahu tara motar ta yi.

Ƙasar shuri tauri gare ta, sai an daka an tankaɗe. Mama Rhoda, wadda ta rantse ba za ta taka filin nan ba, ta ga mijinta ya dawo gida ba ya iya miƙe yatsunsa, washegari ta iso da tsofaffin turame uku da matan zumuntar cocinsu. Tana daka tana faɗa, ta ce ita dai ba don ƙwallo ta zo ba, don kada ta zama gwauruwa ne. Makanikai suna tankaɗe da ragar taga. Shi kuwa Baba shi kaɗai ke shimfiɗawa. Bai yarda a zuba gaba ɗaya ba. Kaurin yatsa biyu, a yayyafa ruwa, a jira, a ja rola sau arba'in a tsaye, sau arba'in a karkace, sannan a ƙara wani kaurin. Da rana ta take sai ya lulluɓe zirin da jiƙaƙƙun buhuna don kada zafi ya tsaga shi, la'asar na yi ya yaye. Da tafin ƙafarsa yake gane inda ya rage taushi. Samari majiya ƙarfi suna zubewa a inuwa suna haki, tsoho mai gwiwa ɗaya yana kai da komo ba takalmi, yana cewa, "Nan, a ƙara goma." Tela ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mutum yana hira da ƙasa tana amsa masa ba sai a wannan makon.

Ranar dubawa Madam Gloria ta sauka daga keke napep da farar hularta da takarda a hannu. Labarin baƙin mai ya riga ya kai cikin gari ya same ta, ta kuma gaya wa Somadina tun a waya cewa ba za ta sa hannu a kan abin da zai fasa wa ɗan wani baki ba. Ta taka zirin daga kai zuwa kai. Ta ciro makulli ta danna a wuri shida, bai shiga ba. Ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta sa mai jifan kulob ɗin ya jefo ƙwallo goma sha biyu, ita tana tsugune a gefe tana kallon tashinsu. Baba yana zaune a kan garwa, bai iya kallo ba, kunnensa kawai ya bari. Kowace ƙwallo ta daki ƙasa da ƙara iri ɗaya, ta taso iya ƙugu.

Ta miƙe ta kakkaɓe siket. "An ce min kwana sha shida da suka wuce nan rami ne."

"Rami ne, Madam," in ji Somadina. "Ni na jawo."

Ta sa hannu a takardar, ta wuce su duka ta je gaban tsohon, ta cire hularta ta rusuna. "Baba, na duba filaye bakwai bana. A kan naka kaɗai zan yarda ɗan cikina ya tsaya."

Tireloli suka nemi wani wurin. Asabar ɗin da ta biyo aka buɗe kakar wasa, kuma bayan tashi 'yan kulob suka kewaye Baba suka ce ya faɗi abin da yake so na sallama, ko babur, ko kwanon rufi. Ya kalli tafin hannunsa da ya farfashe, ya ce, "Ba na hawa babur. Ku ba ni mutum ɗaya in koya masa, kada in tafi da abin nan a hannuna." Kowa ya shiga tunanin shagonsa da safiyarsa. Somadina ne ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

Mun gode, Baba Shekari. Mun gode da filin da ka riƙe mana shekara arba'in da bakwai ba wanda ya ce maka sannu, mun kuma gode da ka zaɓi ka koya wa wanda ya ɓata maka aiki maimakon ka kore shi. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya saka wa Mama Rhoda. Ku kuma masu sana'a a Kakuri da Nasarawa da Unguwar Sanusi, duk wanda ya san wani aiki da ba kowa ya iya ba, ya duba kusa da shi ya kama hannun wani tun yana da ƙarfi. Wanda bai san yadda ake yi ba, ya biyo ta bayan masaƙa da sassafe. Zai tarar da babban bakanike, mai gareji da yara shida a ƙarƙashinsa, a durƙushe a kan jar ƙasa, da wani tsoho a kujera yana ce masa, "Ba haka ba, ɗana. Sake."